Rigar Zakaran Keke ta Tela Ɗangoma

A Filinge, babban garin ƙasar Kurfai, can wajen ƙarshen mulkin Faransa, an yi wani tela ana ce masa Ɗangoma. Shekarar ta ɓace mini, amma dai shekara ce da ruwa ya sauka da wuri, shuka ta yi kyau har garin Tabla. Ɗangoma ya taɓa yin cin rani guda a Kumasi, ya dawo da keken ɗinki, da tabarau, da baki. Keken yakan lalace, tabarau ya daɗe da karyewa, bakin ne kawai bai taɓa neman gyara ba. In ka kai masa wando ya rage maka tsawo, sai ka ji labarin yadda ya ɗinka wa wani babban Bature kwat a jikinsa, yana tsaye yana shan shayi, allura ba ta taɓa shi ba.

Abu ɗaya ke ransa, sarautar Sarkin Teloli. Tun da tsohon ya rasu rawanin yana ajiye wurin mai gari, masu nema kuwa biyu ne: Ɗangoma, da wani Tanne mai rumfar da ke kallon tasa. Tanne mutum ne mai barci. Aljihun da ya ɗinka ba ya zama daidai da ɗan'uwansa, kuma duk abin da aka ce masa, amsarsa ɗaya ce: "To."

Ana nan sai bikin Katoz ya matso, wato bikin da Faransawa ke yi tsakiyar damina, a hau sanda mai santsi, a yi tsere cikin buhu. Kumandan na lokacin, wato Baturen da ke mulkin yankin, wanda sunansa ko a zamanin ba kowa ke iya faɗa ba, mutum ne mai son keke, sai ya ce bana har da tseren keke. Ranar kasuwa Isa tafinta ya zo rumfar teloli da wani hoto da aka yago daga jarida.

"Kumandan ya ce ƙasassu, wanda duk yaf fi kowa gudu da keke ana sa mai riga mai launin tutar ƙasa," in ji Isa. "Kowace ƙasa da tata, kowa ya gan ta ya san zakara ne. Shina son a yi ma Kurfai irinta. Mai gari kuma ya ce telan da yah hid da shi kunya, rawani nashi ne."

Tanne ya buɗe ido ɗaya, ya ce, "To," ya rufe.

Ɗangoma ya karɓi hoton, ya kai shi nesa, ya kawo shi kusa. Wani siririn Bature ne a kan keke, cikin wata 'yar riga da ta manne masa kamar fata.

"Wanga ne zakaran ƙasa guda?" ya tambaya. "Mi ya yi musu sunka hana mai tuhwa? Ku diba, awa akuyar da anka heɗe. Haƙarƙarinai duk a waje."

"Don iska ne, wai," in ji Isa.

"Don rashin yadi ne. Ni na zauna Kumasi, na san sirrinsu. Mu nan in anka girmama mutum, riga aka ba shi wadda in ya ɗaga hannu sai an matsa mai. Tahi ka hwaɗa ma kumandan ya kwantar da hankalinai. Kurfai ba ta tura zakaranta cikin jama'a tsirara."

Sai maganar launi ta taso, don Kurfai ba ta da tuta. Ɗangoma ya hau kan turmi tsakiyar kasuwa ya yi shela cewa rigar ta kowa ce, duk mai launi ya kawo nasa. Da ya san abin da zai biyo baya, da ya sauka daga turmin nan bai ce komai ba.

Manoman Tabla ne suka fara zuwa, da damin ganyen gero ɗanye, suka ce irin wannan koren suke so, ba wani ba. Suna cikin bayani sai ga Arɗo Bubakar, shugaban Fulanin da ke kiwo a bakin dallol, babban kwarin nan mai dausayi, yana jaye da wani jan bijimi mai ƙaho kamar rassan gawo.

"Tela, ja nika so," in ji Arɗo. "Amma kai Kaɗo ne, in na ce ja sai ka kawo mini na barkono. Shi ya sa na zo da shi ka gani da idonka."

"Arɗo, ni na ɗinka ja tun ba ka san takalmi ba."

"Har yau ban san shi ba. Diba bijimin dai."

Kafin Ɗangoma ya gama dubawa, bijimin ya miƙa wuya ya cinye launin mutanen Tabla. Aka yi ta cacar baki, manoma na cewa ɓarnar gona ce, Arɗo na cewa bai taɓa jin an yi gona a kan teburin tela ba. Ɗangoma ya raba su da alkawarin kowa zai sami kamu guda.

Mutanen ƙasar Imanan suka zo daga garinsu Bonkuku da turkuɗi mai sheƙi, wanda ko kallonsa ka yi sosai sai ka ga kamar idonka ya yi shuɗi. Ɗangoma ya taɓa, yatsunsa suka rine. Suka ce ai in bai ɓata jiki ba, ba na manya ba ne. Zabarmawan Damana suka kawo bargon saƙa mai nauyi, suka ce ba a yanka shi, yadda yake za a sa. Liman ya aiko da fari, da layu, ya ce a yi musu mazauni. Daga ƙarshe sai ga Inna, tsohuwar da ke shugabancin masu bori, tana dogara sanda.

"Ɗana, na ji kowa ya samu wuri."

"Kowa, Inna."

"Su mutanen ɓoye hwa? Su da sunka riga ku duka zama ƙasag ga?"

Ɗangoma ya buɗe baki, ya tuna rumfarsa ta kara ce kuma damina ake, aradu kuwa a hannun iskoki take, ya rufe. Inna ta ajiye masa saƙi baƙi da fari, da wuri, da ƙananan ƙararrawa, ta ce a jera su a gindin riga.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma kowace ranar kasuwa sai kowa ya zo ya auna rabonsa da taƙi, ya auna na maƙwabcinsa. Arɗo ya ga kore ya fi ja da yatsa biyu, aka ƙara ja. Tabla suka ga ja ya wuce su, aka ƙara kore. Mutanen Imanan ba su auna komai ba, sai dai su ajiye wani turkuɗin su tafi. Damana suka ce bargonsu ya koma baya, ba mai ganinsa, suka kawo na biyu don gaba. Rigar ta fi ƙarfin rumfa, Ɗangoma ya kwashe ta zuwa ɗakinsa, ya zauna a tsakiyarta yana taka keke, ba a ganin komai nasa sai hula.

Matarsa Mairo takan tsaya a bakin ƙofa da akushi.

"Maigida, ta wace kusurwa za ni miƙo tuwo?"

"Bi ta hannun hagu, ki wuce Damana, ina nan kusa da Tabla."

"Wai mutum guda za shi sa wagga, ko da iyalinai?"

"Ke ba ki san girma ba, Mairo. Gobe in anka naɗa ni, ke za a riƙa gaisuwa da durƙuso."

"A durƙusa ina? Ko wurin tsayuwa babu."

Ran da aka gama, rigar ta ƙi fita ta ƙofa. Aka ja, aka tura, ƙofa ta fara tsagewa. Sai da maƙwabta suka taru suka ɗaga jinkar ɗakin gaba ɗaya suka ajiye a tsakar gida, aka fitar da riga ta sama. Kafin a mayar da jinka yayyafi ya sauko a kan gadon Mairo. Ta ɗauki tabarmarta ta shiga ƙarƙashin jinkar a inda take a ƙasa, ta ce nan ne ɗakinta yanzu.

Aka kira Dogo don gwaji. Dogo shi ne mai kai saƙon gidan likita, kullum yana kan keke, kuma kowa ya san shi zai ci tseren. Mutum huɗu suka ɗaga riga suka kifa masa. Dogo, duk tsawonsa, ya ɓace. Aka ga wani tudu yana yawo a ciki, ƙararrawa na kaɗawa, ana jin muryarsa daga nesa yana tambayar gabas. Can sai ya fito ta hannun riga da rarrafe, fuskarsa shuɗiya, laya guda rataye a kunnensa.

"Ta yi maka cif," in ji Ɗangoma.

"Baba Tela, wanda yac ci, sawa za shi yi ko ajiyewa?"

"Sawa mana. Ya hau keke da ita ya kewaya hili gaban kumandan."

Dogo ya ɗauki kekensa, ya tura shi da ƙafa har gida. Da maraice an gan shi yana magana ƙasa-ƙasa da sauran masu keke.

Ranar Katoz aka kafa dogayen itace biyu a ƙofar ofishin kumandan, aka baza rigar a tsakani don kowa ya gani. Jakunan da suka zo kasuwa suka ƙi wucewa ta wurin. Kumandan ya fito, ya tsaya, ya cire hularsa, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya tambayi Isa da Faransanci ko wannan ce rumfar baƙi.

"Mi ya ce?" in ji Ɗangoma.

"Ya ce bai taɓa ganin irinta ba."

"Na hwaɗa muku," in ji Ɗangoma, ya juya ya kalli Tanne, wanda ke gyangyaɗi jingine da bango.

Tseren daga kan tudun dutse yake farawa, ya gangaro ta hanyar jar ƙasa zuwa igiyar da aka ɗaura a gaban ofis. Aka busa usur. Masu keke suka taso da gudu kamar gaske, jama'a na ihu, makaɗa na kiɗa. Suna shawo kwana, rigar ta bayyana a gabansu, iska na kumbura ta. Sai gudu ya fara raguwa. Ya ragu, ya ragu, har wata tsohuwa mai tallan gyaɗa ta wuce su.

Uku ne a gaba: Dogo, da Kailu malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake ce wa Mushe irin na Faransanci, da Albarka gardi, ɗan sandan kumandan.

"Mushe, bismilla," in ji Dogo. "Kai ke da ilimi, kai ya kamata ka shiga gaba."

"Haba Dogo, ka girme ni. Ban taɓa wuce babba ba tun da anka haihe ni. Albarka, wuce, kai ne hukuma."

"Ni aikina in bi baya in ga ba a yi ɓarna ba," in ji Albarka, ya ƙara matse birki.

Dogo ya hango wani tsoho a bakin hanya, ya sauka ya durƙusa. Ya gaishe shi da kwana, da gajiya, da ruwa, da shuka, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan awaki. Tsohon ya ce shi baƙo ne daga Tondikandiya, bai san shi ba. Dogo ya ce ai shi ya sa gaisuwar ta zama dole. Mushe Kailu ya kifa kekensa yana neman ƙaya a tayar da ba ta sace ba. Albarka ya shiga kama wani ɗan akuya da laifin tsallaka hanya. Na bayansu da suka iso, kowa ya sami abin yi, har wani ya nemi buta.

Kumandan ya duba agogonsa, ya girgiza shi, ya kai kunne. Mai gari ya dubi Ɗangoma, kallon da ba ya bukatar tafinta. Ɗangoma ya ga rawani yana nisa da kansa. In ba wanda ya ci, ba mai sa riga, in ba a sa riga ba, me ya ɗinka ke nan?

Ya fizgi keken Isa da ke jingine, ya tura shi da gudu ya haura gangaren har ya wuce masu tsere, ya juyo ta bayansu.

"Ragwaye," ya ce yana haki. "Ni da na yi tsere Kumasi da jirgin ƙasa, yau ni za ni kora ku awa shanun Arɗo. Ku tahi ko in bi ta kanku."

Gaskiyar magana, a Kumasi sau ɗaya aka taɓa goya shi a bayan keke, kuma idonsa a rufe yake. Amma yana ganin wanda ya shekara yana taka keken ɗinki ba abin da ƙafarsa ba ta sani ba. Ya ɗare, ya taka da ƙarfi, keke ya ɗauki gangara. Da ya zo daf da su sai ya tsai da ƙafa, yadda yake yi in ɗinki ya kai ƙarshe. Keken ɗinki in ka tsai da ƙafa tsayawa yake. Wannan bai tsaya ba. Ya taka baya, feda ta yi ta juyawa a banza. Ya laluba da hannun dama yana neman ƙaramar ƙafar da ake dafawa a tsai da allura, ya kama ƙararrawa.

Masu tsere suka ji ƙararrawa, suka dare biyu cikin ladabi.

"A sauka lahiya, Baba Tela," in ji Dogo.

Ɗangoma ya wuce kamar an harbo shi, yana kiran sunan Mairo, ya tsinke igiya da ƙirji, ya shige cikin makaɗa. Da aka zaro shi daga cikin ganguna, kumandan na tafa hannu, jama'a na guɗa.

"Ranka shi daɗe, ni ban shiga tsere ba," ya ce wa mai gari. "Kora na tahi yi."

Masu keke, waɗanda yanzu suka iso da gudu na ban mamaki, suka taru a kansa.

"Tare munka taso," in ji Albarka. "Ni hukuma ne, na shaida."

"Tun kan dutse bayanai kawai muka gani," in ji Dogo. "Mutumin da yac ci jirgin ƙasa, mu su wa?"

Ɗangoma ya duba jama'a. Duk wanda ya taɓa bai wa labarin Kumasi yana wurin, kuma duk suna gyaɗa kai. 

"To, ai dama na rage gudu ne don kada in ba ku kunya," ya ce.

Rigar da aka ba mutum a gaban mai gari ba a cewa a kai gida. Aka sauke ta, aka kifa masa, aka yi ta lalube har aka gano kansa aka fito da shi ta wuya. Aka ɗora shi a keke, mutum biyu na riƙe da shi, wasu na ɗauke da gefen riga kamar masu shanyar hatsi. Aka tura, aka saki.

Daidai nan hadarin da ke haɗuwa a gabas tun hantsi ya sako iskarsa. Rigar ta sha iska ta buɗe, Tabla ta yi sama, Imanan ta bi ta, bargunan Damana suka miƙe kamar fukafukai. Ƙararrawa suka ɗauka gaba ɗaya, masu gogen Inna suka ga abin nasu ne, suka sa kiɗa. Keke ya bar fili ya nufi kasuwa ba tare da an taka shi ba.

"Juyo da ja gaba, Tela," Arɗo ke kira yana bin sa da sanda. "Ba a ganin ja."

"Kore za a gani," in ji mutanen Tabla, su ma suna gudu.

Ɗangoma bai ji su ba, don farin Liman ya rufe masa fuska. Ya ratsa rumfar masu nono, ya fita da faifai biyu, ya ɗebi igiyar shanya da abin da ke kanta. Ruwa ya kece. Gindin riga ya naɗe a ƙafar baya, keke ya tsaya cak, shi kuwa bai tsaya ba, ya tafi da rigarsa ya sauka a kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini. Rigar ta baje a kan ruwa, shi yana tsakiya kamar kwaɗo a kan ganye.

Da igiyar rijiya aka jawo shi. Turkuɗin Imanan ya sake, ya bi kore, ya bi ja, ya bi fari, ya bi Ɗangoma har cikin kunne. Arɗo da manoma suka tsaya suna neman rabonsu, ba wanda ya gane nasa. Mutanen Imanan kawai suka ce riga ta yi kyau.

Aka kawo shi zauren mai gari yana ɗiga, ƙofa ta ƙi shi, ya durƙusa daga waje.

"Ranka shi daɗe, riga dai an sa, an kewaya. Sauran maganar rawani."

Mai gari ya dubi Isa. Isa ya gyara murya.

"Kumandan ya ce akwai sauran al'adar. Ƙasassu zakara ba ya tuɓe rigar ran da anka ba shi. Shina sa ta duk wurin taro, shekara guda cur, har ran da wani yac ci shi ya karɓa. Ya ce tunda an yi, a yi ta duka."

"Ka ji," in ji mai gari. "Sarkin Teloli cikin rumhwa shika zama ran kasuwa, shina raba gardamar teloli. Kai kuwa rumhwa ba ta ɗaukar ka. Kuma girma biyu kan mutum guda, sauran talakawa su samu mi? Ku tada Tanne."

Aka girgiza Tanne, aka gaya masa an ba shi sarauta.

"To," in ji Tanne. Kafin a gama naɗa rawanin ya koma barci, sai da wani ya riƙe masa kai.

Haka Ɗangoma ya shekara, kowace ranar kasuwa yana zaune a fili cikin rigarsa, masu tallan da ba su da rumfa na fakewa a gefenta. Da Katoz ta kewayo ya bi masu keke gida-gida. Dogo ya ce gwiwa. Albarka ya ce yana aiki. Mushe Kailu, in ban manta ba, ya nemi a mai da shi wani gari. Ɗangoma ya shiga tsere shi kaɗai. Ya faɗi da gangan, ya kwanta a gindin wata aduwa har rana ta karkata, ya tashi ya duba hanya, ba wanda ya wuce shi.

Wani baƙo da ya gan shi yana tura keke zuwa igiya, rigar na jan ƙasa a bayansa, ya tambaye shi ko lafiya.

"Lahiya lau," in ji Ɗangoma. "Kana kallon mutumin da ba a taɓa ci ba duk ƙasar Kurfai. Kai, ka iya keke?"

"Kaɗan-kaɗan."

Ɗangoma ya riƙe masa hannu da hannu biyu.

"Kaɗan ɗin ya isa. Zo mu koma kan dutse."